Agogonka da Hanyar Tsohon Gari

Rafin Marke, ta Roni,
Jihar Jigawa.
Lahadi, tsakiyar damina.

Zuwa ga Muhammad Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke nan sai godiya. Allah Ya tsare ku daga sharrin Legas, Ya albarkaci nemanka, Ya raya maka zuriya, Ya kuma ƙara maka hankali a kan ilimin da Ya ba ka. Wannan na ƙarshen shi na fi dagewa a kai a 'yan kwanakin nan. Ruwa ya sauka sosai bana, gero ya wuce ƙugu, gyaɗa ta rufe ƙasa. Innarka lafiya lau take, sai ciwon bayan nan da bai taɓa hana ta faɗa ba. Tunkiyarta ta haifi biyu, ta ce ɗaya na jikokinta ne, ba ta faɗi ko na wanne ba don kada su yi rigima. Goggonka Shatu ta dawo daga Gwiwa da sabon jika da tsohon surutu. Katangar bayan gida ta zube a ruwan makon jiya, na ɗaga ta da zana kafin kaka.

Na san tun daga saman takardar ka tsaya ka sake dubawa. I, sunanka na rubuta, cikakke, da hannuna. Tun ranar da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa furta shi ba, sai dai in ce wancan, ko yaron gidan Yaya, yadda muka tarar iyayenmu na yi wa ɗan fari. Yau na ajiye tawa kunyar a gefe, tun da kai ka riga ni ajiye taka. Kuma takarda na zaɓa ba waya ba, saboda a waya ba ka barina in kai aya, sai ka tare ni da Baba ka gane, Baba ka gane, kamar ni ne aka kawo ajinka. In kuma ka ga na fara zafi sai ka miƙa wa Nafisat wayar, ka san da na ji muryar 'yar nan fushina ya lalace. Takarda ba ta katse mutum, ba ta kuma da jika. Aji biyu na sakandare na tsaya, ka sani, don haka in ka ga wasali ya ɓata hanya ka bar shi, kada ka ɗauki hotonsa ka tura wa jama'a. Maikasuwa direban motar shanu zai taso daga Babura gobe, shi zai kawo maka. In ta yi warin kashin saniya, ba ni na ƙara ba, amma ban yi baƙin ciki ba.

Ka tuna da babbar Sallah da ka zo ka ɗaura mini baƙin agogon nan, bayan likita a Kazaure ya ce jinina ya hau, in rage gishiri in ƙara tafiya. Ka zauna a zaure ka yi ta latse-latse, ka haɗa shi da wayata, ka haɗa wayata da taka, ka ce daga Legas za ka riƙa ganin tafiyar da na yi da yadda zuciyata ke bugawa. Na ce to, ga ni na tsufa an rataya mini ƙararrawa kamar akuya mai ɓarna. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na riƙa naɗe hannun riga ko ana sanyi, in an tambaye ni lokaci sai na ɗaga hannun yadda na bayan sahu ma zai gani. Ka ce in zan fita in riƙa sa waya a aljihu, ni kuwa na ɗauka don ka same ni ne in ka kira. Ba ka gaya mini agogon makaho ne, wayar ce 'yar jagorarsa ba.

Maganar masallacin Juma'a ka san ta, amma bari in maimaita maka, don na lura daga can lamba kawai kake gani. Baffanka Ukasha, yayana, wanda ya karɓe ka tun ranar da aka yaye ka, ya riƙe ka har ka shiga jami'a, shi ya ba da gonarsa ta bakin hanya aka gina masallacin. Gayya muka yi, kowane gida ya kawo abin da zai iya, ku na birni kuka turo kwano. Muna salloli biyar a ciki, amma Juma'a sai Tsohon Gari kamar yadda aka saba tun kakanni. Bara waccan ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu, ɗorin bai kama daidai ba. Ba ya iya raba ƙafa ya hau babur. Amalanken shanu mun gwada sau ɗaya, jijjigar ta sa dattijo mai furfura yana zubar da hawaye a gaban 'ya'yan cikinsa mata, ban sake ba. Mota kuwa ba ta ƙetare kwarin nan da damina, da rani ma sai an roƙi direba kamar za a ba shi aure. Mutumin da tun ina yaro nake ganin ƙeyarsa a sahun farko, yau damina biyu ke nan bai ji huɗuba ba. Duk Juma'a yana zaune a ƙofar zaure yana kallon mu muna wucewa, yana cewa mu sa shi a addu'a.

Da muka kai kukanmu a ba mu izinin tsai da Juma'a a garinmu, wakilin hakimi ya zo da malamai biyu, aka shimfiɗa tabarmi a gindin marke. Mutanen kirki ne, ba su wulaƙanta mu ba. Suka ce akwai abubuwan da ake dubawa, na farko shi ne nisa. Littafi ya yi maganar mil uku da ɗoriya, hedimasta ya juya mana shi ya ce kusan kilomita biyar da rabi ke nan. In nisanmu da Tsohon Gari ya haura haka, magana ta zo da sauƙi. In bai kai ba, ba a ce a'a ba, amma sai an kai gaba, an zauna, an yi shawara, ka dai san tsawon wannan zaman. Mutanen Tsohon Gari kuwa, musamman Yakubu mai tireda, ba su so, don duk Juma'a in an idar mu ne muke kwashe masa sukari da omo. Aka fara neman abin awo. Wani ya ce igiya, aka ce za a kwana uku ana ja. Wani ya ce mitar babur, aka duba kaf garin babu babur ɗin da allurarsa ke motsi. A nan ne bakin ubanka, wanda bai taɓa ganin shiru ya bar shi ya zauna lafiya ba, ya buɗe. Na miƙe na naɗe hannun riga, na ce ga agogo daga Legas, ɗana ya ce ko zagayen tsakar gida na yi yana sani.

Ran Laraba da safe muka fita, ni da Liman Sama'ilu shaidar garinmu, da Yakubu shaidar nasu. Wayata tana wurin mai caji tun jiya da yamma, don hadari ya hana solarsa kawo wuta. Ban ga dalilin jiran ta ba, tun da ba kira zan yi ba. Na latsa inda ka nuna mini a bakin ƙofar masallacinmu, muka kama hanya. Na yi tafiya irin ta tsohon soja, ina wurga hannu, ko gaisuwa ban tsaya amsawa ba, har Yakubu yana haki yana cewa ai ba gudu aka ce a auna ba. Muka gangara kwari, muka bi ta tsakanin duwatsu, muka zagaye kududdufi, muka ratsa lambun mangwaro, muka hau tudu. A ƙofar masallacin Tsohon Gari na latsa, agogo ya nuna kilomita shida da rabi. Liman ya yi hamdala, Yakubu ya karɓi hannuna ya juya shi kamar mai taya kaza, ya duba ya sake dubawa. Wakili ya karɓi shaidarmu, ya ce in Allah Ya so kafin wata ya mutu za a zo a buɗe. Ranar mata sun yi guɗa a garin nan. Baffanka ya aika Kazaure aka yanko masa farin yadi, tela ya ɗinka masa riga da wando, ya ce a ajiye a ƙasan akwati kada ƙura ta taɓa.

Sai ga kiranka. Da muryarka mai daɗi ka ce ka ga na yi doguwar tafiya, Allah Ya ƙara lafiya, amma don Allah in sake bin hanyar nan da waya a aljihu, kana so ka ga yadda zuciyata ke yi a hawan tudu. Ni kuma sakarai na je ina gaya wa innarka cewa yaron nan yana ji da ni. Na sake sa takalmi na bi hanyar tun daga farko, ni kaɗai, a tudun ma har na ƙara sauri don zuciyar ta fito da kyau a idonka. Ashe jarrabawa ka ba ni ban sani ba.

Sakamakon kuwa a bakin tiredar Yakubu na gan shi, ranar Juma'a bayan an idar, lokacin da wurin ya fi cika. Ya kira ni da fara'a, ya ce in zo in ga aikin ɗana. Ya buɗe guruf ɗin nan naku na Wasaf na 'yan asalin garuruwanmu, wanda har wakilin hakimi yana ciki, ni ne dai ba na ciki. Ga hotuna biyu ka jera. Ɗaya babu taswira, shida da rabi. Ɗaya da jan layi a kan taswira, biyar ba kaɗan. A ƙasa ka rubuta cewa awon farko ba a yi shi da GPS ba, kintace ne kawai, na biyun shi ne abin dogaro, kuma bai kamata a gina ibada a kan kuskure ba. Yakubu ya karanta wa jama'a da ƙarfi, sau biyu, ya fi jin daɗin wurin kintacen. Wani daga baya ya tambaya ko haka nake auna dawa a Babura. Ni da na tsufa a kan buhu da tiya a kasuwar nan, ba a taɓa dawo mini da awo ba, har mutanen ƙetare masu zuwa da sefa suna tsallake rumfa uku su zo wurina. Na yi dariya tare da su, don ban san wani abin yi da fuskata ba. Na ce ai laifina ne da na haifi ɗa mai gaskiya. Suka ƙara dariya. Ban iya hawa babur ɗin kowa ba, da ƙafa na dawo, karo na uku ke nan a kan hanyar, wannan karon babu wanda ya roƙe ni. Yanzu sunana a garin nan Shida-da-rabi. Har matan da ke kawo niƙa, in na wuce sai in ji ana ƙunshe dariya a mayafi.

Da yamma na kira ka. Ka tuna abin da ka ce? Ni na tuna. Ka ce in waya ba ta kusa, agogon ba ya sanin inda mutum yake, wurgin hannu kawai yake ƙirgawa ya ce taku ne, sannan ya kintata faɗin kowane taku daga tsawon mutumin da aka rubuta masa. Sai ka yi 'yar dariya, ka ce af, ashe tsawonka ne a ciki, da shi ka gwada agogon a Legas ka manta ba ka canza ba. Kai da ka ɗebo tsawon dangin innarka, kake sunkuyawa kafin ka shiga zaurena. Ni da har yau in zan ɗauko abu a kan rumbu sai na taka turmi. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin tsawo ba sai a cikin agogonka, kuma ranar da na yi shi, a gaban wakilin hakimi na yi. Da ƙafafunka na auna hanyar nan, Muhammad Auwal. Ni dai na ba da gumi.

To ga abin da ya hana ni barci. Wannan bayanin, mai kyau, mai sauƙi, wanda ko ni na gane shi, a kunnena kaɗai ka zuba shi. A guruf ɗin babu shi. Na sa an duba mini jiya, an duba yau. Can ka bar kintace da kuskure suna zaune kusa da sunana, kai kuma ana ta turo maka hannu mai yatsa sama ana cewa Allah Ya ƙara irinku. Kuskuren naka ne, rigar kunyar ni aka sa wa, kuma ta yi mini yawa kamar duk abin da aka ɗinka a kan tsawonka.

Jan layin nan naka ma da kake rantsuwa da shi, na sa tabarau na dube shi a wayar Liman. Daga garinmu zuwa bakin kwari yana bin hanya daidai, har inda na kauce wa garken shanu ya nuna, na yaba. Amma daga inda aka shiga tsakanin duwatsu sai ya miƙe sambal. Ya ɗauke ni ta kan dutsen da ko awaki zagaye shi suke, ya ratsa da ni ta tsakiyar kududdufi da damina ban jiƙe ba, ya shigar da ni ta bayan katangar wani bawan Allah ya fitar da ni ta ɗakin girkinsa, bai dawo da ni kan hanya ba sai bayan lambun mangwaro. Da na gaya maka, ka ce wani lokaci duwatsu da bishiyoyi suna tare sama, wayar ta ɓace wa tauraron ɗan'adam da ke nuna mata inda take, in ta sake samun sa sai ta haɗa wurin biyu da layi, amma yawanci kuskuren kaɗan ne. Yawanci. Kaɗan ɗin nan kuwa a kansa ake rigimar gaba ɗaya. Ɗaya ya ƙara mini ƙafa, ɗaya ya ba ni fiffike, kai ka zaɓi mai fiffiken ka kai wa duniya ka ce shi ne gaskiya. Wannan ma ba ka rubuta musu ba.

Kada ka ɗauka cewa nake ka rufa mini asiri a kan ƙarya. Ni ma ba na so a tsai da Juma'a a kan awon da bai cika ba, ina tsoron Allah daidai gwargwadon ɗan aji biyu. Kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san nisan hanyar ba, wataƙila ta kai, wataƙila ba ta kai ba. Abin da nake cewa, kana da lambar ubanka. Da ka ce Baba akwai matsala a awon nan, da ni da ƙafata zan je wurin wakili in ce ranka ya daɗe, na'urar ta ruɗe mu, a ba mu mako guda mu gyara tsawo, mu sa waya, mu bi sau uku da shaidu, inda layi ya yanke mu ja igiya. Da yanzu an wuce wurin. Amma ka zaɓi ka yaudare ni da maganar zuciya, ka kai ni kasuwa. Yanzu wakili ya aiko cewa tun da magana ta rabu biyu, kuma har ta shiga waya, ba za a karɓi awon kowa daga garinmu ba. Za su kawo nasu masu awon bayan kaka, in ƙasa ta bushe. Ban ga laifinsa ba, in ni ne shi haka zan yi.

Ni aka bar wa aikin gaya wa baffanka. Na same shi a ƙofar zaure, na zagaya na zagaya kamar hanyar kwarin, sannan na faɗa. Na yi zaton zai yi fushi da kai in samu abokin fushi. Ina. Cewa ya yi ai shi ya koya wa ɗansa kada ya ga ba daidai ba ya yi shiru, Allah Ya yi masa albarka. Ka ji fa. Ni an mai da ni abin dariya, shi an hana shi abin da yake jira, kai kuma ka tashi da albarka. Sai can ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko ina ganin gero zai yi saurin nuna bana. Na ce zai yi. Ya ce to madalla. Daga nan sai ya sa aka fito masa da farar rigar daga akwati, ya ce a rataye ta a ƙusa ta sha iska kada ta yi warin ajiya. Ka san tun azumi jikinsa ke raguwa, tuwon da ake kai masa rabi yake dawowa.

Shekaranjiya Juma'a na je ɗakin shan magani na aro keken marasa lafiya, wanda taya ɗaya ke kuka. Na kira wanzami ya yi masa aski, na sa masa farar rigar, na ce yau sai Tsohon Gari. Ya ce ba ni da hankali, na ce wannan ai tsohon labari ne. Wayar da gangan na bar ta a ƙarƙashin filo, don ban ga dalilin da za ka kalli wannan daga Legas ba. Mun fita da hantsi, ina ganin lokaci ya ishe mu har mu huta. Ban yi lissafin yashi ba. A kwari tayoyin suka nutse, sai da na juya keken na ja shi da baya kamar jaki. A tsakanin duwatsun nan da layinka ya tsallake, wasu Fulani biyu masu komawa ruga suka ajiye sandunansu suka ɗaga mana shi. Jama'ar garinmu da suka taso daga baya suka riske mu a wajen kududdufi, wasu suka tsaya za su taimaka, shi ya rantse su wuce kada su rasa salla saboda shi. Duk tsawon hanya yana riƙe da bakin rigar a cinyarsa kada taɓo ya taɓa, in taya ta faɗa rami sai in ji ya ja numfashi ta haƙori, ya ce ba komai.

Muna cikin lambun mangwaro muka jiyo limamin Juma'a ya tayar da salla. Na tura iyakar ƙarfina, tudun nan na ƙarshe ban san yadda na hau shi ba. Muna shan kwanar tiredar Yakubu aka yi sallama. Mutane suka fara fitowa suna neman takalma, suka gan mu, ni jiƙe sharkaf kamar an tsamo ni daga rijiya, shi fes cikin farar riga. Babu wanda ya kira ni da sabon sunana ranar. Yakubu da kansa ya kawo buta da tabarma, aka jingina keken a inuwar katanga, baffanka ya yi Azahar raka'a huɗu a zaune, a wajen masallaci. Ina tsaye a bayansa ina neman numfashina sai na ji agogo ya yi zir a hannuna. Na duba. Hoton ɗan mutumin nan ne da ke fitowa a fuskar agogon yana miƙa, wanda ka ce ma'anarsa na daɗe a zaune, in tashi in motsa jiki. Da yake hannuwana biyu suna kan keken ba su wurga ba, a wurinsa ban je ko'ina ba.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Ka koma guruf ɗin nan ka rubuta musu abin da ka gaya mini, da tsawon da ka manta, da layin da ya bi ta kan ruwa, da Hausa, ba da Turancin da ke sa laifi ya yi kama da ilimi ba. Ko wakili zai sake duba maganar kafin kaka, ko ba zai duba ba, wannan nasa ne, amma a bar shi ya yanke da cikakken labari. Sannan ka nemi hutu ka zo. Keken nan mariƙi biyu gare shi, kai kuma Allah Ya ba ka ƙafar da agogonka ya ara mini. Juma'a mai zuwa zan sake fita da shi, tun bayan asuba wannan karon, da wadda ke bi mata, har ranar da ɗayanmu ya kasa.

Agogon na yi niyyar sa shi cikin ambulan ɗin nan, innarka ta ce in na yi haka ita ma in nema mata ambulan. Sai baffanka ya raba mu, ya ce a ba shi, ko ba komai zai riƙa duba mana lokaci a hanya kada mu sake makara, kuma abin ɗansa ne. Na ɗaura masa, sai da na huda sabon rami a madaurin don hannun ya rame. Wayata tana kwana a ɗakinsa yanzu, makaho da 'yar jagorarsa ba a raba su. Saboda haka in ka buɗe wayarka ka ga ubanka ya daina taka ko'ina, kada ka sanar wa guruf na mutu. Bugun zuciyar da za ka riƙa gani kuwa ba nawa ba ne. Kai ne gwanin karanta lamba. Ka dube shi da kyau kowace safiya, ka gaya wa kanka ko zai kai kaka.

Ka gaishe mini da Bahijja, ka ce mun ga saƙon sabulu da man zafi, Allah Ya yi mata albarka, ita ba ta da laifi sai na haƙuri da kai. Ka gai da Musaddiƙ, ka ce ɗan ragon yana jiransa in ya iya kama shi. Ka gai da amaryata Nafisat, ka ce mijinta ya yi fushi da ubanta ne, ba da ita ba. Ka gai da Ɗayyabu maƙwabcinka da ya kai ni tasha wancan zuwan. Innarka tana gaishe ku, ta ce in rage zafin takardar, na ce na rage. Goggonka Shatu da Liman Sama'ilu suna gaisuwa. Baffanka ya ce a gai da ɗansa da kyau, a ce masa kada ya wahalar da kansa da zuwa, hanya da nisa. Na isar da nasa saƙon. Nawa yana sama.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, gajere yadda Allah Ya yi shi,
Sabiru mai awo.